Abin Sha na Gandu Ɗaya da Abokan Tafiyarsa: Fura, Kunu da Zoɓo a Ƙasar Daura

 

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya saukar da ruwa daga sama, ya fitar da gero daga yashi, ya fitar da farin nono daga cikin saniya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ina fara miƙa gaisuwa ga uban ƙasa, Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda muke zaune a inuwarsa tun shekarar 2007. Allah ya ja zamanin Sarki. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu Fulani da suka baro ruga da sassafe, manoma da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Waɗanda suka shirya wannan zama kuma suka ga dacewar a gayyace ni, na gode, Allah ya saka da alheri.

Batun da zan yi magana a kai shi ne abin sha na gandu ɗaya, da abincin da ya dace da kowanne. Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, sai maganar fura da kunu? Ina roƙon ya ba ni aron kunnensa. Abin da na zo faɗa guda ɗaya ne: duk abin shan da muka gada yana da gida, yana kuma da aboki. Gidansa shi ne gonar da ta haife shi da hannun da ya dama shi. Abokinsa shi ne abincin da in an haɗa su, kowa ke fito da daɗin ɗan'uwansa. In muka mance gidan, muka raba abokan, to mun yar da dukiya muna ji muna gani. Zan bi maganar a kan abubuwa shida.

Na farko: ƙasa da ruwa su ne uwa

Jama'a, da me tarihin Daura ya fara? Da ƙishirwa. Baƙo ya sauka da dare, ya roƙi ruwa, aka ce masa ba a samun ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Baƙon nan, Bayajidda, ya je ya kashe macijin, ya auri sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan, baƙi na zuwa daga nesa don su kurɓi ruwanta. Garin da labarin kafuwarsa ya rataya a kan moɗar ruwa, ai bai kamata ya raina maganar abin sha ba.

Ku bi ni zuwa gandun da na tashi a ciki, gandun kakanmu, tsakanin Daura da Zango. Ƙasa ce jigawa, yashi fari, damina ba ta wuce wata huɗu. Gero ne sarkin gonar, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa. A gefe akwai gyaɗa. A kan iyaka kakarmu ke shuka yakuwa, ita ce shingen, ita ce miyar, ita ce zoɓon. A tsakiya ga tsamiya babba wadda 'yan noma ke hutawa a gindinta, ga kuka, ga gawo. Ku lura da gawo: yana kaɗe ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa ke tohuwa, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da kaka ta yi, Fulani su sauka da shanu su ci kara, su bar taki, a ba su damin gero, su ba da nono. Ku ƙirga abin da wannan fili ɗaya ke shayar da mu: fura, farau-farau, koko, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, kunun zaƙi, zoɓo. Abin da ake sayowa a kasuwa kaɗan ne, citta da kanunfari da kanwa.

Me ya sa nake nanata gandu ɗaya? Saboda wasu al'ummu sun gina arziki a kan wannan tunani. A Faransa, gonar inabi guda tana da suna, sunan kuma shi ake rubutawa a jikin kwalba. A shekarar 1855 'yan kasuwar birnin Bodo suka jera fitattun gonakin yankinsu hawa biyar, kuma har yau ana aiki da wannan jeri. A 1935 gwamnatinsu ta kafa dokar da ta hana a sa sunan wuri a kan abin da ba a can aka yi shi ba. Suna kuma koya wa 'ya'yansu cewa jar giya ta fi dacewa da jan nama, fara ta fi dacewa da kifi. Giya haramun ce gare mu, ba tallarta na zo yi ba, Allah ya tsare mu. Abin da na ɗauko a wajensu shi ne mutunta ƙasa da sanin haɗi. Su sun yi wa abin da ke gusar da hankali wannan gata. Mu da namu ke ƙara ƙarfi da lafiya, wane gata muka yi masa?

Na biyu: fura, uwar ɗaki

Iyayenmu mata da ke nan sun fi ni sanin aikin, amma bari in bi shi don 'yan baya. A surfa gero, a wanke, a bar shi ya tsane, a daka da citta da kanunfari da masoro da ɗan barkono. A tankaɗe, a dunƙula, a saka a tafasasshen ruwa. In ya dahu a juye a turmi a kirɓa har ya yi danƙo, sannan a cura, a birkiɗa a gari. Duk matakin da aka yi wa ha'inci, harshe zai tona. Geron da bai surfu ba yakan bar ɗaci. Furar da ba ta kirɓu ba ba ta damuwa, sai gudaji.

Geron ma ba ɗaya ba ne. Akwai gero mai saurin nuna, akwai maiwa mai jinkiri, akwai irin zamani kamar Sosat. Furar sabon gero da kaka tana da ƙamshin da ta geron rumbu ba ta da shi. Haka nono: kindirmo mai kauri wanda ba a cire masa mai ba daban, tsala da aka kaɗe aka tsame man daban. Nonon damina, lokacin da saniya ke cin ɗanyar ciyawa, ya fi yawa. Na rani ya fi ƙaranci, ya fi tsada. Tsohuwa takan kurɓa sau ɗaya ta ce, wannan ba nonon rugar da muka saba ba ne. Wannan ilimi ne, jama'a, ko da ba a ba da takardar shaida a kansa.

To, wa ke tafiya da fura? Fura abinci ce da kanta, shi ya sa ake kai wa mai noma ita da rana tsaka, ta kashe yunwa ta kashe ƙishirwa a ƙwarya ɗaya. Ba ta son a haɗa ta da tuwo a zama ɗaya, gero a kan gero nauyi ne. Amma ku ajiye mata tsire ko balangu mai yaji a gefe ku gani. Dalili kuwa sananne ne ga masana abinci: abin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, amma maiƙon nono da sinadarin gina jiki da ke cikinsa suna kwashe shi daga harshe. Shi ya sa wanda yaji ya kama in ya sha ruwa zafin na nan, in ya kurɓi fura sai ya lafa. In za a ƙara mata zaƙi, zuma ta fi sukari, kuma kaɗan, don kada a binne ƙamshin geron da cittar.

Na uku: dangin kunu, kowa da lokacinsa

Koko na safe ne. An jiƙa gero, an niƙa, an tace, an bar gasara ta kwana ta yi ɗan tsami. Abokinsa ƙosai, kowa ya sani. Amma mun taɓa tambayar dalili? Ƙosai ya fito daga mai, tsamin koko yana wanke maiƙon, sai baki ya sake neman wani. Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi wannan girma. Sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi yana da giɓi, wanda ke cikin wake yana cike wannan giɓin. Yaron da ya karya da koko da ƙosai ya sami abin da ɗayansu shi kaɗai ba zai ba shi ba. Geron da waken sun girma tare a kunya ɗaya, sun kuma haɗu a ciki ɗaya. Kakanninmu ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma sun dace.

Kunun tsamiya na azumi ne. Bayan dabino da ruwa, cikin da ya wuni a bushe yana son abu mai ɗumi, mara nauyi. Tsamin tsamiya yana tayar da yawu, yana buɗe sha'awar abinci. Shi ma ƙosai ne abokinsa, ko alala.

Kunun gyaɗa kuwa mai maiƙo ne, mai laushi, don haka ba ya neman abin da ya jiƙe da mai. Ku ba shi gurasa ko waina mara yawan mai. Ya dace da yaro, da tsoho, da wanda ya tashi daga jinya.

Kunun zaƙi na zafin bazara ne, a sha shi da sanyi daga randa. A ganina babu abin da ya kai shi dacewa da ɗan wake mai yaji da man gyaɗa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Zaƙinsa da cittarsa suna tausasa gishiri da yaji.

Sai kunun kanwa, na maijego, wanda ake haɗawa da ƙauri da gasasshen nama don ta mai da jini, nono ya zo. Zan dawo kansa, domin akwai gyara.

Na huɗu: zoɓo, ja mai tsami da bauri

Yakuwar nan da kakarmu ke shukawa a kan iyaka, yau ta zama hajar duniya. A maƙwabciyarmu Jihar Jigawa, kasuwar Maigatari ta shahara da cinikin zoɓo, ana loda shi a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, ƙasar Meziko na daga cikin manyan masu saye. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Senegal bisap. Mu kuma sau da yawa sai mu ɗauke shi abin shan yara a leda.

Ku ɗanɗana zoɓon da ba a cika wa sukari ba. Za ku ji abu biyu, tsami da ɗan bauri. Waɗannan biyun su ne maganin kitse. Saboda haka abokan zoɓo su ne naman Babbar Sallah da aka soya, da balangu mai kitse, da dambun nama, da kilishi. Loma ɗaya, kurɓi ɗaya, baki ya koma sabo. Ranar hawan Sallar Gani, lokacin da garin nan ya cika da baƙi, gidaje na ta fitar da waina da miyar taushe da nama, me ya fi cancanta a ajiye a gefen akushi, kwalbar lemon da aka yi a wata ƙasa da ruwa da sukari da kala, ko jan zoɓon gonarmu mai citta da kanunfari?

Bari in ƙara da kunun aya. A yankin Balansiya na ƙasar Sifaniya suna yin irinsa, suna alfahari da shi, sun yi wa ayarsu rajista da sunan yankin, har suna da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa a ciki. Amma ayarsu ba ta isarsu, suna sayowa daga Afirka ta Yamma, har da Nijar, inda jihar Maradi ta yi fice wajen nomanta. Ayar Bahaushe ce ke tafiya Turai ta yi suna, mu muna nan muna ganin ta abin taunawa a tasha.

Daga duk wannan, ga ƙa'idoji uku da kowa zai iya riƙewa. Tsami yana yanka maiƙo. Nono yana kwantar da yaji. Zaƙi ba ya son zaƙi: alkaki da nakiya da dubulan na gara ba su dace da kunun zaƙi ba, ku ba su kindirmo ko shayi mara sukari, sai zaƙinsu ya fito sarai.

Na biyar: amanar lafiya da ta addini

Son abu ba ya hana faɗin gaskiya a kansa. Zuma ma da zaƙi da harbi.

Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko cuta daga saniya zuwa mutum, har da tarin fuka da cutar bakkale. Tafasawa kafin a zuba irin nono ita ce kariya, kuma ba ta rage daɗin kindirmo. Ruwan da ake dama fura da shi, da ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo, in ba su da tsabta sun ɓata aikin gaba ɗaya. Na taɓa kwana uku a kwance saboda kunun da na saya a wata tasha, a cikin tsohuwar robar da aka tsinto. Ba geron ne ya cuce ni ba, robar ce da ruwan.

Kunun kanwa fa? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, in ta yi yawa tana tara ruwa a jiki, zuciya ta wahala. Iyayena mata, ku yi haƙuri da ni, ban ce a yar da al'ada ba. A rage kanwa, a ƙara nono da wake da ganye, in kuma ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti. Haka zoɓo: bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su nemi shawarar likita kafin su mai da shi ruwan sha.

Ta fuskar addini kuma, malamai na nan, za su gyara mini. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya wuce kwana uku yana sha. Zabibi busasshen inabi ne. Ashe 'ya'yan itacen ba su da laifi, abin da aka bari suka zama shi ne abin gudu. Kunun zaƙi da kunun aya ba sa jure zafi. In suka fara kumfa, warinsu ya juya, a zubar. Kada kwaɗayin riba ya sa mai sayarwa ta haɗa na jiya da na yau.

Na shida: a ba abu sunansa

Yanzu me ya rage mana? Mu dubi maƙwabta. A 2013 farar zumar Oku da masoron Penja na ƙasar Kamaru suka sami rajistar da ta kare sunan wurin da suka fito. A Nijar, albasa 'yar Galmi da kilishin Nijar sun bi wannan hanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero, saboda duniya ta farga cewa hatsin da ke jure fari shi ne abin dogaro in damina ta ci gaba da gajarta. Mu da muka shekara ɗaruruwa muna noma shi a yashi, za mu jira wani ya zo ya gaya mana darajarsa?

Masarautar nan tana da ƙananan hukumomi biyar: Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu. Tana da babbar kasuwar dabbobi a Mai'adua, tana da ƙofar Nijar a Kongolam, tana da manyan makarantu, har da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, duk lokacin da ya zo gida sai ya leƙa shanunsa a gona. Ɗan Daura bai taɓa jin kunyar garke ba. Ga shawarwarina huɗu.

Ɗaya, masu fura da masu nono su haɗa kai unguwa-unguwa, ruga-ruga, su yarda da ƙa'idar tsabta, su nemi rajistar hukumar NAFDAC tare, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Biyu, duk wanda zai ƙulla fura ko zoɓo don sayarwa ya rubuta ƙauyen da geron ya fito da kakar da aka girbe shi. Mai suna yana tsoron ɓata sunansa, wannan shi ne mafarin inganci. Uku, ɗalibai su ɗauki alƙalami su zauna gaban kakanninsu, su rubuta yadda kowane gida ke haɗa kayan yajinsa, kafin masu sanin su tafi da shi. Huɗu, a bikinmu da sunanmu da taronmu, mu fara ajiye namu a gaban baƙo. Kuma a kiyaye zumuncin manomi da makiyayi, domin ƙwaryar fura ita ce shaidar wannan zumunci: rabi daga rumbu, rabi daga garke. Ranar da suka raba gari, babu mai shan fura a cikinsu.

Jama'a, na fara da baƙon da ya roƙi ruwa a garin nan. Baƙi ba su daina zuwa Daura ba. In wani ya yi sallama a ƙofarka gobe, ka miƙa masa ƙwarya, ya kurɓa ya ce, wannan daga ina? Ina fatan za ka iya ce masa, geron daga gonarmu ne, nonon daga rugar da ke bayan gari, tsamiyar kakana ne ya bar ta, ga kuma tsire ka haɗa da ita. Wanda ya iya ba da wannan amsa ya san gidansu. Wanda bai iya ba, har yanzu da sauran lokaci, tsofaffin na raye, gonar na nan.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, a nan zan dasa aya. Ilimin da na faɗa na iyayenmu mata ne. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya yi tambaya, mai gyara ya yi gyara, musamman masu dama fura da masu tatsar nono, ina ɗokin jin ta bakinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.